Sa Hannun da ke Bayan Kaset

Ƙanen mijina yana sayar da rubutun hannuna, yana cewa na wansa ne. Mijina bai taɓa rubuta ko baƙi ɗaya na boko ba har ya koma ga Allah. Kowa a gidanmu ya san haka, har shi mai sayarwar.

Mijina makaɗin noma ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin gayya da ganga a kafaɗa, daga fadamun Wurno har ƙauyukan Rabah. In ya kama kirarin wani ƙato a bakin kunya, sai ka ga mutum ya manta yana da ƙugu. Da noman rani ya kankama a Goronyo, masu albasa har mota suke aiko masa. A lokacin ne aka ɗauki muryarsa a kaset.

Ni kuwa sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga makarantar yaƙi da jahilci. Biro yana zame mini kamar tarwaɗa. Abin da na fara rubutawa ba a kama mini hannu ba sunansa ne, sunan da bakina bai taɓa faɗa ba tun da aka kai ni gidansa.

Masu kwafar kaset suka cika kasuwar Achida da jabun nasa, murya na ja kamar ana shaƙe shi. Sai ya ce duk kaset ɗin da ya fito daga gidanmu a yi masa alama. Ya gwada dangwala yatsa, tawada ta ɓata hotonsa da ke jikin takardar kaset. Ya miƙo mini biro.

"Ke da kinka yi boko da hurhura, taho mu ga amfanin zaman benci."

Haka na riƙa zama a tabarma ina rubuta sunansa a bayan takardar kowane kaset. Wasu sun karkace. Akwai waɗanda na tsallake baƙi guda. Manoma su karɓa su ce makaɗi ya sa hannu, mu kuma ba mu gyara musu ba. Ban ga laifi ba. Yana zaune kusa da ni yana ɗaure tsarkiyar ganga, kuma shi ya ce in rubuta.

Daga baya gayya ta mutu. Ɓarayin daji suka hana noman nesa, kuma ba mai hankalin da zai tara maza a gona ya buga ganga don a ji inda suke. Kaset ma ya wuce, waya ta zo. Shekarunsa na ƙarshe a zaure ya yi su yana tufka igiya, ganga na rataye, fatarta ta saki. Ba wanda ya zo daga birni ya gaishe shi. Ranar da ya rasu ban yi kuka ba. Mata suka zuba mini ido suna jira, ni ma ina jira. Na yi takaba, ina ci ina sha, komai ɗanɗanonsa ɗaya.

Bayan nan wani ya sa waƙarsa a waya, ta bazu. Mutanen da ba su taɓa riƙe hauya ba suka shiga neman kaset mai sa hannu, su sa a gilashi su jingine a falo. An ce guda ɗaya ya fi buhun albasa tsada. Wanda ba rubutu a jikinsa ba mai tayawa. Gangar da guminsa ya baƙanta wa maratayi, ba wanda ya tambaye ta.

Wata rana bayan la'asar ƙanen nasa ya shigo da kwali. Ragowar kaset ne da ba a taɓa rubuta wa komai ba.

"Matar yaya, ina gajiya? Hannun nan naki dai bai tsufa ba ko?"

"Mi kak kawo?"

"Ɗan aikin da kinka saba. Ki sa musu sunan, ki ɗan karkata shi yadda mutane ka so."

"Wanda ag ga kabari shina sa hannu?"

"Haba, ke ma dai! Da can shi ka sawa? Ke ta. Mi yac canza?"

"Da can shina zaune nan, shi yac ce in rubuta."

"To ni ƙanenai na, ni nac ce. Ɗiyanai ka cin amfanin."

"Cikin waɗanda kas sayar, ko sabulu ka kawo musu?"

Ya yi dariya ya kaɗe rigarsa. "Ke dai bakinki bai yi takaba ba." Ya ce zai dawo gobe da hantsi, masu saye suna jira.

Na zauna ina kallon kwalin. Na laluba fushi a cikina ban same shi ba. Abu biyu kawai na gani a fili. In na rubuta, na yi ƙarya da sunan mamaci. In na ƙi, zai kwashi kayansa ya nemo mai kwaikwayon hannuna, kuma hannun wadda ta koyi biro da girma ba wuyar kwaikwayo gare shi ba.

Washegari, bayan na sha kunu, na buɗe kwalin. A bayan kowane kaset, daga wannan gefe zuwa wancan, na rubuta: "Matarsa ce ta rubuta wannan bayan rasuwarsa. Na da ma ita ce." Ban bar ko ɗaya ba. Na mayar da su, na ɗaure kwalin, na kai masa zaure na ajiye.