Sarkin Ɗori a Layin Likitan Ƙashi

A barandar wani asibitin ƙashi a Idi-Araba, Legas, wani mutum yana zaune da matashi a cinya, 'yarsa Raihana kwance a kai. Ba ta wuce shekara shida ba. Ƙafafunta sun lanƙwashe, don ƙashinta ba shi da ƙwari: ko tuntuɓe ta yi, sai karaya.

Yatsunsa masu kauri ne, amma da tafi yake tallabarta, ba ya damƙa. Wani direban tirela ya zo wucewa, ya rusuna.

"Sarkin ɗori! Yau kai ne a layi?"

"Ni ne."

Da alama ƙafafu da yawa sun miƙe a hannun nan. Wataƙila ya taɓa gwada nata sau ɗaya, bai ƙara ba.

Nas ta fito da takarda. "Malam, ƙarfe za a zura cikin ƙashin cinyar, ya tokare shi tana girma. Amma sai ka yarda."

Yana ta duban takardar.

"Baba," in ji Raihana, "zan je makaranta da ƙafata?"

Ya karɓi biro a hankali.

"Tambayi likita, uwata. Shi ya sani."