Bindigar da ban kai ga gawo ba

Lokacin nan ina saurayin maƙeri a Wurno, hannuna da kyau, amma girman kai kamar ya kashe ni. Tsohona shi ka gyaran bindigogin masu tsaron gari, kuma dokarshi guda ce: duk bindigar da ta shiga wuta, sai an ɗaure ta ga icen gawo bayan gari, a ɗura mata albarushi ninki biyu, a ja kunamar harbi da igiya daga nesa, har sau uku. In za ta fashe, ta fashe ga icce. Ni kau ina ganin ɓarnar albarushi ce da tsoro irin na tsofaffi.

Wata shekara da kaka, tsoho na kwance da zazzaɓi, anka aiko cewa mahara sun kore shanu wajen Goronyo, za a bi sawu kafin la'asar. Cikin bindigogin da anka kawo, guda na da tsaga siririya daidai mazaunin albarushi. Da idona nig gan ta. Na liƙe da jan ƙarfe, na goge, na shafe da mai har tana sheƙi. Tsoho yat tambaye ni ko na kai su ga gawo, nic ce na kai. Yac ce bai ji ƙara ba, nic ce iska ta juya. Yas sa mani albarka.

Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, yana cikin masu tafiya. Gabana yaz zaɓi waccan mai tsaga, yana dariya wai aikin yayanshi ba shi da na biyu. Wallahi na buɗe baki, sai nit tuna tsoho na jin mu, in na hana sai an tambaye ni don mi. Na bar shi yat tafi da ita.

Harbin farko ta fashe. Bisa jaki anka maido shi, babu ido ko guda, yatsu uku sun tafi. Mai magani ya zo tun daga Rabah, yad duba, yag girgiza kai.

Mun tsufa yanzu, ni ka ci da shi, ni ka jan shi masallaci. Har yau albarushi yake zargi, ni kau na kasa faɗa mai, kuma ba ni jin zan iya. 'Yan'uwana maƙera, kyawon ƙarfe ba shaida ba ne, kada ku miƙa ma kowa abin da ba ku gwada ba. Jiya ma na ji shi ƙofar gida yana ce ma wasu mafarauta su kawo mani bindigoginsu, wai ni ban taɓa yin ha'inci ba.