Yaran da Ke Gonar Gyaɗa

Ranar da Malam Lawali ya jingine tsohon babur ɗinsa a ƙofar bironmu, wato ofishinmu, ya shigo da rajistar ɗalibai a hammata, ba ta taɓa fita daga raina ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan baya kun same ni ina fitinar ku da tambaya ɗaya, wai a wane wata aka ƙirga yara, har na ji wasunku sun laƙaba mini suna a bayan idona. Ba komai, ku ci gaba. Amma yau ku zauna ku ji inda tambayar ta samo asali.

A lokacin shekarata huɗu a biron ansifekta, wato jami'in da ke duba makarantun firamare na yankinmu, kuma ni ce mai tattara alƙaluma. A shekarar aka ce kowace lakwal, wato makaranta, a fitar mata da takardar abin da aka kashe a kan kowane yaro. Aikin ba shi da wuya a baki. Ka ɗauki duk abin da ya shiga lakwal guda a shekara, kuɗin littattafai da alli, na gyaran aji da bencina, da ɗan tallafin da ake ba kwamitin iyayen yara, ka haɗa. Albashin malamai ba ya ciki, nasa lissafin daban ne. Sai ka raba jimillar da yawan ɗalibai. Abin da ya fito a buga a takarda, a manna a bangon lakwal, a kuma karanta wa iyaye a taro, domin kowa ya san abin da aka turo da sunan ɗansa, ya kuma kwatanta da lakwal ɗin maƙwabta. Ni na so abin tun ranar farko, har yau kuma ina sonsa. Kuɗin jama'a ne, bai kamata ya kwanta a durowarmu kamar sirrin gida ba.

Yawan ɗalibai sau biyu yake zuwa mana. Akwai rahoton buɗe lakwal, wanda kowane direkta, wato shugaban lakwal, ke aikowa cikin Oktoba, akwai kuma na biyu da ke zuwa wajen Janairu, bayan an zauna sosai. Rahotannin Oktoba duk suna jere a na'urata. Na Janairu kuwa wasu sun iso, wasu suna hanya, wasu Allah kaɗai ya san jakar direban da suke ciki. Ansifekta na ta leƙowa yana tambayar takardu, ni kuma ba na son a leƙo ni sau biyu a kan abu ɗaya. Sai na ce ai yara yara ne, na Oktoba da na Janairu duk ɗaya, na raba kowace lakwal da adadin Oktoba. Kwana uku na gama aikin da aka ba ni mako biyu, aka yaba mini, kaina ya ɗan kumbura.

Ya kamata ku san ko ni wace ce a lokacin. 'Yar Birni ce ni, a tsakiyar Damagaram aka haife ni, mahaifina baduku ne. Fata da zare da ƙanshin jima na sani. Gero kuwa a tiya na san shi, a kasuwa, an riga an sussuke an sheƙe.

Takardu suka tafi da farkon bazara. Bayan mako uku sai ga Malam Lawali. Shi ne direktan wata lakwal a wani ƙauye ta wajen Dakusa, ba zan faɗi sunan garin ba, mutanensa na nan da ransu. Dattijo ne siriri, mai furfura a gemu, shekara biyu suka rage masa ya ajiye aiki. Ya yi sallama, ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo irin ta mutanen da, har ya tambayi lafiyar mahaifina da bai taɓa gani ba. Sannan ya ce ya zo ne a kan takardar lakwal ɗinsa, wadda ta nuna an kashe wa yaronsa kusan ninki uku na abin da aka kashe wa yaron garin da ke kusa da su. Ban ko ɗago kai sosai ba na ce masa ba ni na ƙirƙiro ba, haɗawa ce da rabawa, kuma na'ura ba ta san kowa ba balle ta yi son kai. Har da cewa idan abin ya yi yawa, ai shi ya kamata ya gaya mana inda ya shiga. Wannan maganar ita ce na fi jin kunyarta yau.

Bai ɓata rai ba. Ya ɗora rajistar a kan teburina a hankali, ya ce, “Madam, a wane wata kika ƙirga yarana?”

Na ce Oktoba, kamar kowa. Ya gyaɗa kai, ya tambaye ni ko na taɓa zuwa cirar gyaɗa. Na ce a'a, ina mamakin me ya kawo gyaɗa cikin zancen biro. Sai ya yi mini bayani kamar yana koya wa 'yar aji ɗaya. A Oktoba ana girbin gero, ana roron wake, ana cirar gyaɗa, kuma duk yaron da hannunsa ya kai ya ɗaga kwando yana gona. Lakwal takan buɗe, amma ba ta cika sai amfani ya shiga rumbu. Ya buɗe rajista ya nuna mini. Ranar da ya rubuta rahoton Oktoba yara arba'in da ɗaya ne a aji. A Janairu ɗari da goma sha tara. Daga baya na gane cewa sauran direktocin ƙauye sun san wannan hali na kaka, sai su rubuta adadin da suke sa ran zai cika, shi ya sa takardunsu suka fito lafiya. Shi kuwa kawunan da ya gani da idonsa ranar su ya rubuta, ko ɗaya bai ƙara ba. Na jawo durowa don in ce rahotonsa na Janairu bai iso ba, sai ga shi a sama, da sa hannuna na karɓa a jiki.

Sai a lokacin ya gaya mini abin da takardar ta yi a garin. An karanta ta ran kasuwa a ƙofar gidan maigari. Iyaye suka ji abin da aka ce an kashe wa kowane yaro, suka dubi 'ya'yansu da littafi ɗaya da guntun alli, suka yi nasu lissafin da yaran da suke gani suna cika fili kullum. Shugaban kwamitin iyaye, wani Malam Habu, ya miƙe ya ce to sauran kuɗin fa, ina ya tafi? Ba wanda ya ambaci sunan direkta, amma kowa shi ya kalla. Garin na da rumbun tsimi, inda ake tara hatsi don lokacin da abinci ya yi wuya, kuma shekara goma sha ɗaya makullinsa na hannun Malam Lawali, saboda baƙo ne, ba shi da dangi a garin da zai fifita. Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sauko daga masallaci, aka aiko a karɓi makullin.

Na shiga wurin ansifekta na faɗa masa gaskiya. Mutumin kirki ne, bai yi mini faɗa ba. Ya ce in sake lissafin duka da adadin Janairu, a buga sabuwar takarda, direba ya kai a cire tsohuwar a manna wannan, magana ta mutu. Wallahi na ji daɗin shawarar, don ba sunana a ciki. Na fito na gaya wa Malam Lawali da fara'ata, kamar na yi masa kyauta.

Ya ce, “Na gode, Madam. Amma waccan da baki aka karanta ta, a gaban mutanen da yawancinsu ba sa karatun boko. Bango ba zai yi musu magana ba.”

Kwana biyu na yi ina neman dalilin da zai hana ni zuwa. Ga zafi, ga hanya, ga aiki ya taru. Gaskiyar ita ce ina jin nauyin in tsaya a gaban ƙauyawa in ce ni, mai takardar shaidar lissafi, na kasa raba kuɗi da yara. Ran kasuwarsu dai na shiga mota.

Mun iso da hantsi, rana ta riga ta fara gasa mutane. An shimfiɗa tabarmi a inuwar bishiyar bedi a ƙofar gidan maigari, maza a gaba, mata a gefe ta jikin katanga. Malam Lawali ya zauna can baya, ba inda ya saba zama ba. Na gaida maigari, na gabatar da kaina, na ce kuskure nawa ne. Na yi musu misali da tiyar gero: idan ka raba ta ga mutum huɗu kowa zai samu da yawa, idan mutum goma sha biyu ne kowa ɗan kaɗan, amma tiyar ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Suka saurare ni da ladabi, amma fuskokinsu ba su canja ba. Malam Habu, mutum ne mai ƙiba da murya, ya ce shi bai raina zuwana ba, sai dai kowa ya san mutumin biro ba ya barin ɗan'uwansa ya ji kunya. Jiya takarda ta ce kaza, yau ta ce kaza, gobe wa ya san abin da za ta ce? Aka yi ta gyaɗa kai. Raina ya ɓaci, na kusa mayar masa da magana, amma a cikin zuciyata na san tambayarsa tana kan hanya.

Ba dabara ba ce ta sa na ɗauko rajistar Malam Lawali, rasa abin faɗa ne. Na ce zan karanta sunayen yaran da na yi lissafi da su, kowa ya saurari na gidansa. Na fara kira, suna da sunan uba, ɗaya bayan ɗaya. Arba'in da ɗaya ba su da yawa, nan da nan na kai ƙarshe na rufe littafin. Gunaguni ya tashi ta ko'ina. Malam Habu ne ya fi kowa ɗaga murya. Ya ce jikokinsa huɗu ne a lakwal ɗin nan, kullum da safe ta ƙofarsa suke wucewa, me ya sa bai ji ko ɗaya ba?

Wata tsohuwa daga jikin katanga, wadda na ji daga baya yayarsa ce, ta amsa ba tare da ta tashi ba. “Habu, suna gonarka suna cirar gyaɗa. Ni na riƙa kai musu fura har aka gama.”

Dariya ta ɓarke, har maigari sai da ya rufe baki da gefen rawaninsa. Malam Habu ya koma ya zauna. Na karanta sunayen Janairu gaba ɗaya, kowane gida ya ji nasa, jikokin huɗu suka fito a jere. Sannan na karanta sabon adadin, wanda ya zo kusan daidai da na garin maƙwabta, Malam Lawali kuma ya fito da rasiɗan abin da aka saya, aka bi su ɗaya ɗaya. Malam Habu ya taso da kansa ya durƙusa a gabansa ya nemi gafara, kuma na ga da gaske yake. Maigari ya zaro makullin rumbu daga aljihu ya miƙa wa Malam Lawali.

Na ɗauka an gama, har na fara tattara takarduna da murna. Malam Lawali ya yi godiya, ya ce ya yafe wa kowa duniya da lahira. Amma makullin, ya ce a ba Malam Habu, tunda shi saura shekara biyu ya tafi, gara wani ya saba tun yanzu. Aka roƙe shi, maigari ya sa baki, ya yi ta murmushi yana ba da haƙuri. Bai karɓa ba.

Ya raka ni har mota, ya ba ni ƙullin gyaɗa a leda, ya ce in kai gida in ga abin da ya ɓoye mini yaransa. Na yi dariya, sannan na tambaye shi don me ya ƙi makullin alhali gaskiya ta fito a gaban kowa. Ya amsa yana kallon filin lakwal.

“'Yata, shekara goma sha ɗaya ina buɗe musu rumbun nan, tiya ɗaya ba ta taɓa ɓata ba. Da takarda ta zo, ba wanda ya tako ya tambaye ni kafin su aiko.”

Ni ma ban tambaye shi ba, kuma ni na fara. Har muka shigo Damagaram ledar na kan cinyata, ban iya buɗe ta ba.

Ban daina fitar da takardun nan ba, kuma kada wani a cikinku ya ce labarina dalili ne na a ɓoye wa iyaye abin da aka kashe. Malam Habu yana da haƙƙin ya yi tambayarsa, mu ne muka ba shi adadin da ba daidai ba. Abin da na koya shi ne, adadin da muke bugawa a nan cikin sanyin fanka, a can sunan mutum guda yake sauka a kai, kuma mutanen da ba sa karatu sun fi mu gaskata takarda. Shi ya sa a ƙasan kowace takarda nake sa a rubuta watan da aka ƙirga yara, kuma ba ta fita daga biron nan sai an kira direktan an karanta masa ya ce haka ne. Ku kira, ko da kuna sauri, ko da ansifekta na tsaye a kanku.

Malam Lawali ya cika shekarunsa biyu, ya ajiye aiki, ya koma garinsu. Mutanen ƙauyen sun yi masa rakiya mai kyau, an ce har da amalanke biyu na gero. Makullin dai bai sake shiga aljihunsa ba.