Bindigogi Bakwai Cikin Bargo

Ina da shekara tara na mallaki bindigar wasana ta farko. Da kuɗin yawon sallah na saye ta, baƙa ce mai ɗan nauyi. In ka ɗana ta sai ta ce ƙas, ta tofo harsashin roba rawaya wanda bai wuce ƙwayar dawa ba. Kafin in gama firamare sun zama uku. A bayan gidanmu akwai wata katanga da ta zube rabi, nan 'yar maƙwabtanmu take jera mini gwangwanayen tumatir, ta koma gefe ta toshe kunnuwa, alhali ƙarar ba ta kai ta tafi ba. In na kayar da gwangwani ta yi tsalle, in na kuskure ta ce iska ce. Ita ke tsince harsasan ta ƙulle a bakin ɗankwalinta. Da aka kai ni makarantar kwana, Inna ta rabar da bindigogin ga 'ya'yan baƙi. Na dawo hutu na tambaya, ta ce ai na girma.

To, na girma, amma a cikin littattafan soyayya na girma, irin waɗanda ake haya a bakin kasuwa. A cikinsu duk abin da ya ɓace a babin farko yakan dawo a na ƙarshe, ana hawaye ana murmushi. Ni kuwa na yarda da haka har zuciyata.

A Riyadh motar sito nake tuƙawa a unguwar Sulay, mu huɗu a ɗaki ɗaya. Wata Juma'a bayan la'asar na shiga haraj, kasuwarsu ta gwanjo, neman fanka. Tsakanin wani mataccen dutsen guga da tulin wayoyi na hango ta: tsohuwar bindigar iska mai gindin katako, fentinta ya goge a daidai inda babban yatsa ke zama. Wani yaro ya taɓa son ta, na gani. Na koma ɗaki ba fanka.

Cikin shekara biyar suka zama bakwai. Ina shafa musu man keken ɗinki, in naɗe su a tsohon zane ƙarƙashin gado. Ban taɓa harba ko ɗaya ba, don baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, ba ya son a ji motsinsa. Abokan ɗakina suka sa mini Kwamanda, kullum sai sun tambaye ni wane gari za a ci da yaƙi bayan cin abinci. Ban damu ba. Na riga na aika wa kafinta a gida ya haɗa mini kabad na gilashi. A raina na sha ganin ranar: 'yar maƙwabtanmu ta zo gaishe ni da 'ya'yanta, idonta ya faɗa kan kabad ɗin, ta gane duk abin da ban faɗa mata ba.

Sai kafil, ubangidan da nake zaune ƙarƙashin sunansa, ya rufe siton, aka buga mini huruj, fita ba dawowa.

Al'adarmu a ɗakin, in za a aika kaya gida, babban kwali ɗaya muke haɗawa, kowa ya ɗinke nasa ya rubuta alama. Takardar kuwa da sunan Baba ake cika ta, dattijon ɗakinmu, wanda ya fi shekara ashirin yana tuƙi a garin, iƙamarsa ba ta taɓa samun tabo ba. A Kano ƙaninsa ke karɓa ya raba, sauran ya wuce da shi garinsu can gabas. Na je wurin mai kargo a unguwar Batha na tambaya a fakaice. Ya yi dariya ya ce ko bindigar ruwa ba ya ɗauka, duk abin da ya yi kama da ita na'ura za ta kama.

Na ji shi sarai. Duk da haka na kwance su ɗaya bayan ɗaya, na jera ƙarafan a cikin bargon da na saya wa Inna, na naɗe, na ɗinke. Na ce wa kaina masoyin gaskiya ba ya tsoron na'ura.

Da safen da za a rufe kwalin, Baba ya ɗaga bargon zai gyara masa zama. Ya ajiye, ya sake ɗagawa. Ya tambayi ko sanyin wace ƙasa za a yi da wannan bargo, sauran biyun suka yi dariya. Da ya sa reza ya farke ɗinkin, dariyar ta tsaya.

“Kwamanda, sunan wa ke jikin takardar?”

“Naka, Baba.”

“Wa zai ɗauki kwalin a can, ya bi da shi ta shingayen sojoji?”

Na ce ai na wasa ne, ko kaza ba sa kashewa.

“Kai ka san na wasa ne. Wanda ke tsaye a shinge da tasa ta gaske ba zai tsaya ya ji labarin yarintarka ba. Ka so ka sa ƙanina ya kwana inda ba mu san ƙofarsa ba, saboda kabad.”

Bai ɗaga murya ba. Ya zuba ƙarafan a kan gadona, ya ninke bargon da kyau ya mayar cikin kwali. Gaskiya ya faɗa, ita ce kuma har yau na kasa yafe masa. Ƙasar da yaro ke ratsa unguwa da bindiga a kafaɗa tsofaffi na yi masa kirari, ta tafi tun ina can, ba wanda ya aiko mini da labari.

Kwana huɗu suka rage mini. Na nemi wanda zai karɓa kyauta. Maigadin siton, ɗan Sudan, ya ja da baya kamar na miƙa masa maciji. Wani ɗalibi da muke salla tare a unguwar Jaradiya ya ce in rufa masa asiri. A ƙarshe na kai su wurin mai tara ƙarafa a bayan garejojin Sulay. Ya ɓalle gindayen katakon ya miƙo mini, ya ce ƙarfe kawai yake so, sannan ya wurga sauran kan tulin tsofaffin salansa. Katakon da hannuna na zuba su a bola.

Kabad ɗin yana falona yanzu. Matata ta jera filasai da kofunan baƙi a ciki, sun kuwa dace.

'Yar maƙwabtan namu ta zo yi mini sannu da zuwa, da 'ya'yanta uku, kamar yadda na tsara. Ta yaba kofunan. Na kasa haƙuri, na tuna mata katangar da gwangwanayen tumatir. Ta yi ɗan tunani, tana gyara goyonta.

“Kai ne mai bindigar, ko yayanka?”