Mutumin da Ya Ƙera Ƙusa Don Ta Karye

Da hantsin ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Yuni, 'yarka ta biyu ta kira ni a waya. Kunnena na dama ƙarar injin haƙa ta cinye shi tun ina aiki, don haka sai da ta maimaita kafin na ji: "Kawu, Baba ya cika." Allah ne ya ba mu aronka, shi ya karɓi abinsa, kuma dukanmu can muka dosa. Na ajiye wayar a kan tabarma, na daɗe ina kallon ta. Injiniya, ni ba marubuci ba ne, hannuna ya fi sabawa da birkin inji fiye da alƙalami. Amma in na yi shiru a kanka, ban san wanda zai faɗi abin da na gani ba.

Wanda bai taɓa hawa dandamalin haƙar rijiyar mai ba, sai an ɗan yi masa bayani. Bututan ƙarfe ake haɗawa ɗaya bisa ɗaya ana zura su cikin ƙasa, kowanne ana murɗa shi a bakin ɗan'uwansa kamar murfin kwalba. Abin da ake ɗaure su da shi, ake kuma kwance su, wata ƙatuwar sifana ce da muke kira awartaki. Ƙato biyu ba sa ɗaga ta, shi ya sa take rataye da igiyar ƙarfe. Mutum ɗaya zai turo ta, ya cafki bututu da haƙoranta, ya rufe muƙamuƙinta, ni kuma direba, wato mai sarrafa inji, in ja damtsenta da wata igiyar har gaɓar ta ɗauru ko ta kwance. Mai awartaki yana tsaye dab da ita duk lokacin da ake wannan ja. In ƙarfen ya gaza, ba ya yi wa kowa sallama.

Haka ya yi wa Dogo, abokin aikina, mai 'ya'ya uku. Wata gaɓa ta cije, aka ja, aka ƙara ja, damtsen tsohuwar awartakin ya tsinke ya same shi a ƙirji. Ko asibiti ba mu kai da shi ba.

Bayan 'yan kwanaki kamfani ya turo ka. Ba kai ka zana waccan awartakin ba, sayo ta aka yi, amma an ce kai za ka zana sabuwa. Muka ga siririn mutum da tabarau, da sabuwar hular kwano, da rigar aiki fara fat wadda ko lanƙwasar guga ba ta bar ta ba. Ba ka gama hawa matakala ba taɓon rijiya ya yi maka wanka tun daga kai har takalmi. Samari suka juya baya suna dariya. Ka cire tabarau ka goge da bayan hannu, ka ƙara damalmala shi, ka tambayi helimanmu, shugaban ma'aikatan wurin, inda marigayin yake tsaye. Da aka nuna maka, sai ka je ka tsaya a daidai wurin, ka ce in ja.

Na ce ba zan ja ba. Jinin mutum ɗaya ya ishe ni.

Ka ce, "Direba, ka ja a hankali. Yaya zan yi wa mutum kayan aiki ban san abin da ƙafafunsa suke ji ba?"

Na ja. Ba ka matsa ko taku ɗaya ba. Tun daga ranar na daina yi maka kallon ɗan ofis.

Ka yi watanni kana zirga-zirga tsakanin rijiya da teburin zanenka. Ka tattara gutsattsarin awartakin da ta kashe Dogo, ka jera su a kan tagar ofis, mai shara ya yi ta mita ka hana a taɓa. Ka zo da yumɓu a bokiti kana sa kowa ya damƙa da safar hannu a jiƙe, don ka ga yadda hannun da ya gaji yake riƙe abu. Na taɓa zuwa gidanka na tarar ka mamaye teburin cin abinci da muƙamuƙan katako da ka sassaƙa, Hajiya da yara suna cin nasu a ƙasa. Ta ce mini, "Ka ga kishiyoyina nan, su ba sa ko wanke kwano." Ka yi kamar ba ka ji ba, kana ta goge katako. Kuma a cikin wannan hidima ba ka manta da gidan Dogo ba. Kai ka riƙa zama da babbar 'yarsa kana koya mata lissafi har ta ci jarrabawa, ba ka taɓa faɗa wa kowa ba, a bakin uwarta na ji.

Da sabuwar awartakin ta iso, kowa ya yaba. Mariƙanta masu faɗi ne, an shafa musu koren fenti, an ja su nesa da muƙamuƙi yadda yatsa ba zai faɗa bakinta ba. Haƙoranta in sun cinye ana zare su a sa wasu. Abu ɗaya ne ya ɗaure mana kai: wata jar ƙusa mai kaurin babban yatsa, a daidai inda igiyar ja take kama damtse. Da gangan ka yi ta da ƙarfe mai laushi. In ja ya wuce abin da damtsen zai iya ɗauka, ita ce za ta fara karyewa da ƙara, ƙugiyar da ke bakin igiyar ta zame kamar taƙi ɗaya ta tsaya a kan madakatar da ka yi mata, mai inji ya ji ya saki. Ka yi mana wannan bayani, mun kuma gyaɗa kai. Amma mutumin da ya yi rayuwarsa yana alfahari da ƙarfe mai ƙarfi, ba ya jin irin wannan magana da sauri.

Ƙusar ta riƙa karyewa. Duk gaɓar da ta cije, sai ka ji tau, aiki ya tsaya, a ɗauko guduma a fitar da guntu, a sa sabuwa, a nemi dabarar sassauta gaɓar. Samari suka ce Injiniya ya yi mana awartaki da ƙusar biskit. Daga nan sunan Baba Ƙusa ya bi ka, har masu gadi da shi suke kiranka, kai kuma kana amsawa da fara'a.

Ba zan manta da ranar da na raka ka wata rijiya da ke gaba da tamu ba. Kullum akwai ɗan magagari a aljihun rigarka. Duk awartakin da ka tarar, sai ka goga shi a kan jar ƙusar: in taka ce zai ci ta, ya bar farin tabo. Ranar ka goga, magagarin ya zame bai ci komai ba. Ka sake gogawa. Ashe ƙusar ƙarfe mai tauri ce aka yanka daidai, aka shafa mata jan fenti tsaf. Ban taɓa jin ka ɗaga murya ba sai ranar. Ka sa aka kashe inji, ka ce a kira duk wanda yake da hannu a ciki.

Mai waldarsu ya fito, dattijo ne mai furfura, yana murza hula a hannu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi don kai muka yi. Mun ga tana ta karyewa, muka ce masu sayo ƙarfe sun cuce ka. In manya suka ga tulin karyayyun nan, kai za su kora. Shi ne muka ce mu rufa maka asiri."

Ka zauna a kan wani bututu, ka cire tabarau, na ga idonka ya kawo ruwa. Mutanen nan saboda ƙaunarka suka tsaya kusa da mutuwa na tsawon makonni, suna ganin alheri suke yi maka. Da ka samu magana, ka kama hannun dattijon ka ce, "Baba, na gode. Amma ka bar ni in ji kunyar. Kunyata tana warkewa."

Ba ka kai ƙarar kowa ba. Ka ce laifin zanenka ne, tunda ka bar rami zagayayye wanda kowace ƙusa za ta shiga. Ka koma ka sake shi mai kusurwa uku, yadda babu abin da zai zauna a ciki sai taka. Mai waldan nan kuwa shi ya zama babban mai wa'azin jar ƙusa, duk sabon ma'aikaci sai ya zaunar da shi ya ba shi labarin wautarsa.

Abin da ya ji tsoro kuma bai fasa zuwa ba. Manya suka kira ka suka ce aiki yana tsayawa da yawa, ka ƙara wa ƙusar ƙarfi ko kaɗan ne. An kira ni zaman a matsayin tsohon direba, ina can ƙarshen tebur. Ka saurare su har suka gama, ka nuna musu lissafinka, ka ce ka riga ka kai ta iyakar da damtsen zai jure. Suka matsa. Ka ce suna da iko su sa wani ya canza, amma a fara goge sunanka daga kan zanen, kuma wanda ya canza ya je ya tsaya inda Dogo ya tsaya a ja. Ba a canza ƙusar ba, kai ma ba a sake yi maka ƙarin girma ba. Waɗanda ka koya wa riƙe fensir suka zama shugabanninka, kana gaishe su da ladabi, har ka yi ritaya a kan teburin zanen da na san ka da shi tun farko. Wannan abu ya yi mini ciwo, har yau yana yi mini. Kai kuwa in na tayar da maganar sai ka ce in sha shayina kafin ya huce.

Bayan na bar aiki, babban ɗana ya ce shi ma dandamali zai hau. Na yi faɗa, uwarsa ta yi kuka, bai ji ba, taurin kan kuwa an ce nawa ya ɗauko. Magidanci ne da mata da 'ya, ba yadda zan yi da shi. Aka ba shi awartaki. Na zo na same ka a baranda kana ba tsuntsaye ruwa, na ce ɗan nan nawa, ɗanka, an tsayar da shi a irin wurin da Dogo ya tsaya. Ka ce, "Ka gaya masa hannu a kan kore, jar ƙusa kuma a bar ta yadda na yi ta. Sauran na Allah ne."

A watan da ya wuce, kana kwance a asibiti, wata gaɓa ta cije musu. Direbansu sabo ne, jininsa da zafi, ya ja ya ƙara ja. Ɗana ya sunkuya yana duba ko haƙoran sun kama, kansa bai fi kamu ɗaya daga damtsen ba. Ƙusar ta karye, ƙugiya ta zame ta tsaya, direba ya saki. Da aka sauke awartakin aka wanke ta, sai ga tsaga a gindin damtsen, siririya kamar gashi, ta ci fiye da rabin ƙarfen. Masu dubawa suka ce da an ƙara ja kaɗan, da ya tafi.

Sai da ya dawo hutu ya gaya mini, don ya san halin uwarsa. Na sa takalmi na nufi asibiti da guntun ƙusar da ya kawo mini a aljihu. Na tarar ka riga ka daina gane mutane. Na zauna a bakin gado na ba ka labarin tun daga farko, da ƙarfi, irin maganar kurame, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce in rage murya. Na sa maka guntun a tafin hannu na naɗe yatsunka a kai. Ban sani ba ko ka ji. Na fito na tsaya a bakin ƙofa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar Dogo.

Ranar da aka kai ka, ɗana yana cikin waɗanda suka ɗauke ka. Na ga ana miƙo hannu a karɓe shi, yana girgiza kai, bai saki ba har bakin kabari.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ya yarda a yi masa dariya, ya yarda a wuce shi, don 'ya'yan mutane su koma gida da ƙafafunsu. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka haskaka shi, ka sauƙaƙa masa tambaya. Ka sa duk wanda ya sauko daga dandamali lafiya ya zama nauyi a ma'auninsa. Ka haɗa shi da Dogo da iyayenmu a gidan rahama, mu kuma ka kyautata namu ƙarshen.

Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, ya saka miki da alherin zaman da kika yi da shi, ke kika san abin da kika jure. 'Yan'uwansa da abokan aikinsa, Allah ya ba mu dangana baki ɗaya. Ku kuma 'ya'yansa, na san za ku ji masu cewa mahaifinku ya yi shekaru a kamfani bai zama kowa ba. Kada ku yi musu da su. Ku turo mini su gida da yamma, lokacin da ɗana yake zaune a tsakar gida yana yi wa 'yarsa wasa.