Takun Turmi

Duk wanda ya san Malam Inuwa malamin gona a Kiru ya san shi da abu biyu: ba ya gudu, kuma ba ya barin magana ta wuce a karkace. Gudun dai tumbi ne ya hana shi. Ya fara tara shi tun da ya gama jami'a a Zariya aka turo shi ƙaramar hukuma, yana bin manoma gona-gona yana koya musu tazarar shuka, su kuma suna cika shi da fura. Gyaran magana kuwa da shi aka haife shi. Idan manomi ya ce yana son maganin ƙwari, sai Malam Inuwa ya gyara zaman tabarau ya ce, "Wane ƙwaro?"

Ɗansa na fari, Surajo, shi ya shigo da kareti gidan. Malam Inuwa bai taɓa kiran sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari. "Yaron nan" yake cewa, har yaron ya yi gemu ya shiga jami'a a Kano. A can ya koyo wasan, ya dawo hutu da farar riga mai kauri. Bayan la'asar sai ya tsaya a tsakar gida yana naushin iska, yana juyi, ya saki ihu ɗaya da ke watsa kaji.

"Wa kake duka haka?" uban ya tambaya daga kan tabarma.

"Ba kowa, Baba. Kata ake ce masa. Jerin motsi ne, ana haddace shi kamar karatu, daga farko zuwa ƙarshe."

"To, Allah ya ba ka sa'a a kan ba kowa."

Amma kafin hutun ya yi nisa yaron ya tashe shi daga tabarmar, wai don tumbin. Ya koya masa tsayuwa, da tarewa, da naushi, da juyi. Matarsa Safara'u tana bakin murhu tana dariya har da share hawaye.

"Malam, ko buhun masara aka ce ya juya ai ya fi ka hanzari."

Sun kai rabin katar farko hutu ya ƙare. Yaron ya ce sauran sai ya dawo.

Cutar sanƙarau ta ɗauke shi a bazarar 1996. Aka yi jana'iza, aka share tsakar gida aka shimfiɗa tabarmi don masu gaisuwa, aka rabar da kayansa, ban da farar rigar, wadda ba wanda ya san abin da zai yi da ita. Malam Inuwa ya koma aiki ranar da ya kamata ya koma, ya ci gaba da tambayar manoma wane ƙwaro.

La'asar ce kawai ta canza. Yakan miƙe ya yi rabin nan da ya iya, ya iso inda suka tsaya, ƙafa ɗaya a gaba, hannu ɗaya a sama kamar mai shanya, sannan ya tsaya cak. Bai san abin da ke biye ba. Sai ya sauke hannun ya koma tabarma. Damina ta zo ta wuce yana haka, kafin ya ce wa Safara'u zai nemi inda ake koyarwa.

"A shekarunka, Malam?"

"Likita ya ce in rage tumbi."

Babu likitan da ya ce. Ta dube shi ta ce, "Allah ya sa a dace."

A ƙirjin rigar akwai tambari mai rubutu: Shotokan. Ya tuna yaron ya taɓa gaya masa cewa kareti gida-gida ne, kowane gida da irin katarsa. Saboda haka ba kowane duka yake nema ba. Ragowar wannan ɗin yake nema, ba wani ba.

Wani ɗan achaɓa ya rantse masa ya san wurin, a Bebeji. Ya kai shi filin dambe. Wani ƙaton mahauci da hannu a naɗe ya dubi tumbin daga sama har ƙasa ya ce, "Alhaji, kai za ka shiga ko yaronka ka kawo?" Malam Inuwa ya ce ba dambe yake nema ba, ya hau babur ba tare da ya amsa ɗaya tambayar ba.

A Kwanar Dangora samarin gidan kallon bidiyo ya tarar a bayan tasha, da sanduna biyu haɗe da sarƙa. Yana tsaye ɗayansu ya kaɗa su ya buge ƙeyar kansa. Shugabansu ya ce cikin wata uku zai koya masa tashi sama. Malam Inuwa ya ce shi tsayuwa ma da ƙyar yake yi.

Har Doguwa ya je a motar haya, don an ce wani ɗan bautar ƙasa yana koya wa ɗalibai. Ya tarar da shura ce zalla, irin ta Koriya. Duk hanyar dawowa ya yi ta bayyana wa wani mai buhun dankali bambancin Koriya da Japan, mutumin da bai tambaye shi ba.

Kafin nan labari ya zaga Kiru. A ofis suka sa masa suna Ɗan Chana. Yana shigowa masinja zai ja da baya ya kare fuska. "Yallaɓai, a yi haƙuri, ina da iyali."

"Ba Chana ba," in ji Malam Inuwa. "Japan."

Aiki ne ya kai shi inda neman bai kai shi ba. An tara ma'aikatan gona taro a Bagauda, ya fita shan iska bakin ruwa, sai ya hango wani siririn mutum shi kaɗai yana tare naushin da babu wanda ya kawo. Tsayuwar da yaron ya koya masa ce, ita ɗin. Malam Inuwa ya nufe shi da wani irin sauri wanda waɗanda suka gani har yau suke cewa gudu ne, shi kuma yana musu.

Sunan mutumin Buba, malamin dabbobi a Tudun Wada. A Kaduna ya koya. Ranar Asabar yakan tara 'yan mutanensa a bayan wani tsohon siton auduga: tela ɗaya, malaman makaranta, da wani ɗan sanda mai ciwon baya.

Ranar farko Buba ya ce, "Yallaɓai, nuna mana abin da ka iya."

Ya yi rabinsa, ya tsaya da hannu a sama, yana haki.

"Wanda ya koya maka ya iya," in ji Buba. "Sai dai ɗan takun nan da kake yi gefe kafin ka juya. Daga ina?"

"Haka yake."

"Ba ya ciki, Yallaɓai."

"Yana ciki."

Buba ya sa tela ya yi, ya sa ɗan sanda ya yi. Ba wanda ya yi takun. Malam Inuwa ya ce wataƙila a Kaduna an rage musu ne, amma a asalin na Japan akwai shi. Ya faɗi haka da muryar da yake gyara wa manoma magana. A mota kuwa ya yi ta juya maganar. Ko dai yaron ya koya masa ba daidai ba, ko shi ne ya ɓata ɗan abin da aka bar masa. Bai san wanne ya fi ciwo ba.

Ya gaya wa Safara'u yana cire takalmi. Ta ce, "Yi in gani."

Ya yi. Ta ce ya sake. Sannan ta shiga lungun kicin ta mirgino tsohon turminta, wanda aka kawar ranar da aka shimfiɗa tabarmin gaisuwa, ba a kuma mayar ba. Ta girke shi ƙarƙashin bishiyar lemo, inda ramin gindinsa yake har yanzu.

"Yanzu yi irin na malamin naka."

Ya yi ba takun. Gwiwarsa ta daki turmin, ƙara ta tashi, ya zauna a ƙasa daɓas.

"Na sha ce wa yaron nan ya matsar da shi," in ji Safara'u. "Ya ce ba zai tayar min da wurin daka ba, shi zai kewaye."

Malam Inuwa ya riƙe gwiwa yana duban turmin. Wato tun bazara yake kewaye turmin da babu shi, har ya je Tudun Wada ya yi musu a gaban mutane cewa mutanen Japan ne suka ajiye shi a wurin. Dariya ta zo masa, ta zo wa Safara'u, suka yi ta har ta koma wani abu dabam, ta ja mayafi ta shige ɗaki.

Asabar ta gaba ya koma yana ɗingishi. Buba ya nuna masa abin da ke bayan hannun nan na sama. Juyi ne kawai da sauke hannu, abin da ko buhun masara zai iya. Ragowar ta ɗauke shi har girbi, amma ya kai ƙarshe. Takun kuwa yana nan.

"Yallaɓai, takun nan fa."

"Akwai turmi a wurin."

Buba ya duba filin. "Ina?"

"A Kiru."

Buba ya ce, "Wa ya koya maka ne?"

"Yaron nan," in ji Malam Inuwa.

Buba Bafillace ne, ya san wanda uba yake kira haka, ya kuma ji yadda aka faɗa. Bai sake maganar takun ba. Amma duk lokacin da aka zo gwajin canza ɗamara yakan gaya masa gaskiya, cewa da takun ba zai wuce ba, Malam Inuwa kuma ya ce ya sani. Da farar ɗamarar masu fara koyo ya yi ritaya, tumbin bai ragu da komai ba. Turmin yana ƙarƙashin lemo. Safara'u ta daina daka a cikinsa don ya tsage, amma ba a matsar da shi.