Turmi a Bakin Ɗakin Hatsi

Kowace Laraba bayan la'asar matan unguwarmu a Wurno suna taruwa a gidan Hajiya, shugabar ƙungiyarsu ta taimakon juna. Ina aji ɗaya a sakandare na fara bin kakata zuwa can, ina riƙe mata tabarma da kwanonta mai murfi. Ta ce in aka bar ni gida sai in wuni ban ce uffan ba, gara in zo in ji yadda mutane suke magana ko zan koya.

A tsakar gidan ake shimfiɗa tabarmi, a zauna a tsara aikin mako. Su waye za su share harabar asibiti ranar Asabar, wa ta haihu za a kai mata yaji da itace, wace tsohuwa ce randarta ta bushe babu mai ɗebo mata ruwa. Kafin damina sukan fito da magirbi da tsintsiya su yashe kwatar unguwa. Ana yi ana tsokanar juna. Akwai wata Bafillata da take zuwa daga wajen Kwargaba da ƙwaryar nono, ita da kakata ba sa gaisawa sai sun yi faɗa.

"Yau ma ruwan Rima kinka kawo muna?" in ji kakata, tana leƙa ƙwaryar.

"To ki bar shi mana, Inna. Wa yas sa ki dole? Kullum ke ta ta hwarko wurin sha."

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ɗakin hatsi. Ƙaramin ɗaki ne a kusurwar gidan, an rataya tsohon zane a ƙofarsa, a ciki akwai gangar ƙarfe uku, ta gero, ta dawa da ta shinkafa. Kowace mace tana zuwa da kwano a rufe. Idan an gama tsara aiki sai su riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa ita kaɗai, ta fito da kwanonta a rufe kamar yadda ta shiga da shi. A daidai lokacin kuma ake jawo turmi a kafa shi a bakin ƙofar, mata biyu su hau dakan yajin masu jego, suna lugude suna hira da ƙarfi. Na ɗauka lokacin ne kawai ya yi daidai. Har nakan yi mamakin yadda manya suka rasa inda za su ajiye turmi sai a kan hanyar mutane.

Ni wurin zamana yana gefen ɗakin, a ƙarƙashin wata ƙaramar taga da bai fi a zura hannu ba. Na zaɓi wurin ne don akwai inuwa kuma ba mai kallona. Ina buɗe littafina a cinya, amma kunnena yana taga. Ƙarar daka ba ta cika kaiwa can ba, sai ƙarar hatsi yana sauka cikin ganga. Cikin 'yan makonni na iya bambanta su. Gero yana zuba ne shuu, kamar yayyafi a kan rufin kwano. Dawa tana da nauyi, tana ƙwanƙwasa ƙarfe. Shinkafa kuwa tana da wani kaifi. Har yawan abin da aka zuba ina ganewa daga tsawon ƙarar. Wasa ne nake yi ni kaɗai, ban taɓa gaya wa kowa ba.

A cikin matan akwai wadda kowa ke kira Mai Kifi. Mijinta yana sana'ar su a wajen madatsar Goronyo, ita kuma tana soyawa ta sayar a bakin titi. Tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, kuma ranar sharar asibiti ita ke fara zuwa. Duk Laraba takan zo da ɗan ƙunshi a gefen zane, ta miƙo mini wutsiyar kifi ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Ungo, kurma." Ita kaɗai ce take tsokanata ban ji kamar in nutse ba.

A daminar shekarar ruwa ya ci shinkafarsu a fadama, mijin kuma ya ji ciwo a ƙafa ya kwanta. Ba wanda ya gaya mini, a bakin mata na tsinta. Abin da na lura da shi da kaina shi ne zanenta ya daina ƙamshin man suya, ƙunshin nan kuma ya daina zuwa. Sai wata Laraba ta shiga ɗakin hatsi, na kasa kunne, ban ji komai ba. Ta ɗan jima, ta fito da kwanonta a rufe tana dariya da masu daka. Mako na biyu haka, na uku ma haka. Na riƙe abin a raina kamar yadda nake riƙe sauran ƙananan abubuwa, ban ma yi tunanin ma'anarsa sosai ba.

A Larabar ta uku Hajiya ta shiga ciki amsa waya, kakata kuma tana kan turmi. Wasu matasan mata biyu da ba su daɗe da shiga ƙungiyar ba suka zo inuwata suka zauna. Babbar ta kalle ni ta ce, "Ke ɗiyag ga, tun ɗazu littahin nan shahi guda kika kallo. Mi kika saurare?"

Da na yi shiru kamar kullum da shi ke nan. Amma ranar ban san abin da ya buɗe mini baki ba. Na ce, "Hatsi."

"Hatsi? To hwaɗa min, mi niz zuba?"

"Gero na, Yaya. Kwanon bai cika ba."

Ta buga cinya ta fashe da dariya. "Wallahi haka na! Ke, zo ki ji mayya!" Ta biyun ta ce ita fa, na ce shinkafa ce, kuma ta zuba sau biyu don murfin ya faɗi. Ita ma ta riƙe baki. Wasu mata uku suka matso. Ban taɓa ganin idanu da yawa haka a kaina babu tsoro a cikina ba. Na ji daɗi, wannan ita ce gaskiya. Na ji ƙirjina ya yi faɗi, har ina jiran a sake tambayata.

Daidai nan Mai Kifi ta fito daga ɗakin, ta zagayo ta gabanmu za ta koma tabarmarta. Babbar ta nuna ta ta ce, "To Gwaggo hwa? Mi taz zuba?"

Na ce, "Ba ta zuba komi ba. Yau sati ukku ke nan."

Kuma da ƙarfi na faɗa, don ina son a ji. A daidai lokacin masu daka suka tsaya juya yaji, maganata ta faɗo tsakar gida babu abin da ya rufe ta.

Ina iya tuna ƙananan abubuwa na wannan lokacin fiye da manya. Wata kaza tana tsattsagar barkonon da ya zube. Bafillatar nan ta sunkuyar da kai tana gyara faifan ƙwaryarta da ba abin da ya same shi. Mai Kifi ta matse kwanon a ƙirjinta, babban yatsanta yana danne murfin. Sai ta yi dariya, irin wadda ba ta kai ido ba.

"Ashe kurma na ji," in ji ta. "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Ku gahwarce ni, na bar tukunya bisa wuta."

Ta ɗauki takalmanta a hannu, sai da ta kai zaure ta sa su. Duk wanda ke wurin ya san babu tukunya a kan wuta.

Kakata ba ta dake ni ba, ba ta ma yi mini tsawa a gaban mutane ba. Ta ci gaba da daka har aka gama shiga ɗakin. A hanyar gida ina bayanta da tabarma, sai da muka wuce masallaci ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Kin aza don yaji muka daka nan?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Yaji ko'ina ana dakanai. Turmin ga don kunne aka aje shi. Ɗakin nan, mai shi ta zuba, wadda ba ta da shi ta ɗiba. Da kwano ruhe aka shiga, da kwano ruhe aka hita, ba mai sanin wa taz zuba wa taɗ ɗiba. Ni da kika gani, shekarar da kakanki yak kwanta, da kwano wohi nika shiga. Tuwon da uwakki tac ci shekaran nan daga gangag ga yah hito."

Ban san lokacin da hawaye suka fara zubo mini ba. Mun kusa ƙofar gida sai ta tsaya cak, ta juyo ta dube ni.

"Tsaya. Kin ce ba ki ji ta zuba ba. To kin ji ta ɗiba?"

Na yi tunani. Ɗiba ma tana da ƙara, kwano yana gurzar hatsi, na sha jin ta ban san ko mece ce ba. Na ce, "A'a, Inna. Tsayi kawai taka yi, ta hito."

Kakata ta ce, "Innalillahi." Sai a lokacin na gane girman abin da na yi. Mako uku matar nan tana shiga ta tsaya gaban ganga, 'ya'ya huɗu suna jiranta a gida, tana neman ƙarfin zuciyar da za ta sa kwano ta ɗiba. Wataƙila a mako na huɗu da ta iya. Ni na rufe mata wannan ƙofar.

Laraba ta zagayo Mai Kifi ba ta zo ba. Ta gaba ma ba ta zo ba, ranar sharar asibiti kuma ba a gan ta ba. Hajiya ta aika mata da hatsi a buhu, ta mayar da shi da godiya, ta ce akwai waɗanda suka fi ta bukata. Ba wanda ya ce mini komai a ƙungiya. Matan nan biyu da suka tambaye ni Hajiya ta kira su ɗaki, sun fito idanunsu ja. Ni kuwa an ci gaba da amsa gaisuwata kamar kullum, abin da ya fi duka ciwo. Na yayyaga wani tsohon ɗankwali na cusa a tagar, na koma zama can kusa da randa.

Ranar wata Asabar da hantsi kakata ta ce in sa hijabi. Muka gangara gidan Mai Kifi a ƙasan gari. Kaskon suyarta yana kife a jikin bango, kaji sun yi kashi a bayansa. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa. Na durƙusa a gabanta da maganar da na kwana biyu ina shiryawa, amma ko kalma ɗaya ta ƙi fita. Sai kuka.

"Tashi, tashi," in ji ta. "Yarinya ta, Inna. Gaskiya tah hwaɗi, ai ba ƙarya tay yi min ba."

Kakata ba ta ambaci hatsi ba ko sau ɗaya. Ta yi ta tambayar ƙafar mai gida, ta ba da labarin tsadar albasa a kasuwar Gandi. Da za mu tashi ta dafa kafaɗarta ta yamutsa fuska.

"Ni dai kahwaɗag ga ta ƙare. Yaran yanzu ba su iya lugude ba, sai su bar ni ina bugu ni ɗai. Asibiti ko, in kin ga sharar da sunka yi sai kin yi kuka. Ki taho Laraba ki agaje mu."

"In Allah ya so," in ji Mai Kifi. Ba ta ce za ta zo ba.

Ranar Laraba an gama tsara aiki, an jawo turmi, babu ita. Kakata ta miƙo mini taɓaryarta a gaban kowa ta ce, "Tunda kunnenki ya yi yawa, zo ki ba shi aiki." Taɓaryar ta kusa fi ni tsawo. Na fara daka da Bafillatar nan, tana yi mini dariya ina kuskuren bugu.

An kusa gama shiga sai na ga ƙafafun Mai Kifi a bakin zaure, na gane su da takalmin roba mai ɗinki a gefe. Ta yi sallama, aka amsa kamar jiya aka rabu. Kakata ta ce mata ta makara, ita kuma ta ce tsofaffi ba su da aiki sai ƙirga zuwan mutane. Kwanonta yana hannunta a rufe. Ta wuce ta gabana, ta ɗaga zanen ƙofa ta shiga.

Na daka yajin nan kamar raina yana cikin turmi. Bafillatar ta ɗaga murya tana ba da labarin wata saniyarsu da ta ci sabulu, mata suka yi ta shewa fiye da yadda labarin ya cancanta. Barkono ya tashi ya shiga hancina, ina atishawa ina bugu. Ban ji komai daga ɗakin ba, kuma na gode wa Allah. Da zanen ƙofa ya motsa na san in na dubi yadda ta riƙe kwanon, da hannu ɗaya ko da biyu, zan gane. Sai na kafa idona cikin turmi har inuwarta ta wuce.

Tana zuwa har yanzu, kuma ta koma suya bayan da mijinta ya miƙe. Ina gaishe ta tana amsawa da fara'a, tana tambayata karatu. Amma ba ta sake kirana kurma ba, wutsiyar kifin nan kuma ba ta dawo ba. Ranar da na yi dakan nan hannuwana biyu sun yi bororo, kakata ta shafa mini man shanu. Ɗankwalin yana nan cushe a tagar, ya yi ƙura, ba wanda ya cire shi.